Na'urar suya da iska a ranar baƙin ba-zata: inda take fitar da mutum kunya da inda take gazawa

Waya ta shigo da yamma, mutum takwas suna tafe nan da awa ɗaya da 'yan mintuna, ba abinci mai nauyi za a ci ba, hira ce da ɗan abin taɓawa. Irin wannan rana ce ta fi dacewa a auna na'urar suya da iska, wadda aka fi sani da eya-firaya, domin a ranar ne ake buƙatar duk abin da masu tallarta suke alkawari: sauri, ƙarancin mai, da rashin tsayuwa a kan kasko. Wadda muke magana a kanta ita ce mai kwando guda, mai cin lita 4 zuwa 5.5, mai jan wuta wat 1400 zuwa 1700, wato wadda ta fi yawa a gidaje. Hukuncinmu tun daga farko shi ne: ga baƙi shida zuwa takwas tana fitar da mai gida kunya sosai, amma sai an san iyakarta, kuma iyakar ba a yawan litar da aka rubuta a kwali take ba.

Sunan ma yana ɗan ruɗar da mutane. Ba suya take yi ba, gashi ne da iska mai zafi. A samanta akwai naɗaɗɗen ƙarfe mai yin ja idan wuta ta shige shi, a bayansa kuma fanka mai ƙarfi da ke hura zafin ƙasa, iskar ta ratsa hujojin kwandon ta dawo sama. Kamfanin Philips ne ya fara fito da ita a bikin baje kolin kayan lantarki na birnin Balin na ƙasar Jamus a shekarar 2010, bisa ƙirar wani ɗan ƙasar Holan mai suna Fred van der Weij, daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu. Saboda cikinta ƙanƙane ne, minti 3 ya ishe ta ɗaukar zafi, alhali babban oben yakan ci minti 10 zuwa 15 kafin ya shirya. Wannan tazarar ce babban jarinta idan lokaci ya ƙure.

Amma ga inda ake yawan faɗawa. Abin da ke sa fatar kaza ta yi ja ta yi ƙamshi, ta kuma yi ƙaras-ƙaras a baki, wani haɗuwa ne tsakanin sukari da furotin da ke jikin abincin, wanda wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana a 1912. Wannan haɗuwar ba ta kankama sosai sai zafin saman abincin ya kai wajen digiri 140. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, kuma muddin akwai danshi a jikin abu, zafinsa ba zai wuce nan ba. Ke nan aikin farko na iskar shi ne ta busar da saman abincin. Idan aka cika kwando maƙil, aka ɗora wani a kan wani, iskar ba ta samun hanyar wucewa, tururin da ke fita daga na ƙasa ya jiƙa na sama, sai a buɗe bayan minti 20 a tarar da nama fari fat, ya yi laushi kamar an turara shi. Mai gaggawa shi ya fi yin wannan kuskure, don yana son ya gama a zubi ɗaya. Sauri ya haifi nawa: sai an sake kwashewa, a raba biyu, a fara daga farko.

Don haka abin dubawa wajen saye shi ne faɗin gindin kwando, ba zurfinsa ba. Kwando mai kusurwa huɗu da ya kai kamar santimita 20 zuwa 22 kowane gefe ya fi zagayayye mai zurfi amfani, ko da litarsu ɗaya, saboda kayan maƙulashe shimfiɗa su ake yi layi ɗaya. Irin wannan kwando yana ɗaukar yankan fiffiken kaza 10 zuwa 12, ko dunƙulen nama 16 zuwa 20, ko yankan burodi 8 zuwa 10. Wannan shi ne ainihin awonsa. Duk lissafin yammacin a kansa za a gina.

Masu harkar girkin taro suna da ƙiyasin da suke bi: idan akwai abinci mai nauyi daga baya, guda 5 zuwa 6 ya ishi mutum ɗaya, idan kuwa abin taɓawar shi ne abincin daren, a ƙiyasta 10 zuwa 12. Ga zaman hira na awa biyu, guda 8 ga kowa ya yi. Mutum takwas ke nan guda 64. Na'urar ba za ta fitar da 64 masu zafi a lokaci guda ba, kuma bai kamata a nemi hakan daga gare ta ba. Dabarar ita ce a raba teburin biyu: kashi biyu cikin uku daga na'urar, sauran kuma abin da ba ya buƙatar wuta, ko wanda murhu zai yi a gefe yayin da ita take nata aikin.

Ga tsarin da ke shiga cikin awa ɗaya da kwata ba tare da guje-guje ba. Kilo 1 na fukafukan kaza, rabin kilo na niƙaƙƙen nama, dogon burodi guda, ƙwai 9, yogot marar sukari kofi ɗaya da rabi, karas da kokwamba.

Burodi ake fara sakawa, tun kwandon yana da tsabta, domin burodi yana kwasar warin duk abin da ya riga shi. A yanka shi kauri santimita 1, a shafa ɗan mai da buroshi a fuska ɗaya, digiri 180, minti 3 zuwa 4. A tsaya kusa, tsakanin ja mai kyau da ƙonewa bai fi rabin minti ba. Da ya fito, a goga masa ɓararriyar tafarnuwa ɗanya tun yana da zafi, a baza a kan raga ya huce. Idan aka tara shi a kwano aka rufe, gumi zai mayar da shi laushi. Zubi biyu na burodi minti 8 ne, kuma sun riga sun ɗumama na'urar, ba sai an ɓata lokacin jiran ta yi zafi ba.

Yayin da burodin ke ciki a ɗora ƙwai 8 a murhu, minti 10 bayan ruwa ya tafasa, sannan a tsoma su a ruwan sanyi don ɓawon ya fita salin-alin. Ana iya dafa ƙwai a cikin na'urar, wasu ma suna yabon hakan, amma yana cin wajen minti 15 na kwandon da ake buƙata don wani abu. A ranar sauri asara ce.

Sai fukafukan, kuma a nan ne na'urar take nuna bajintarta. A raba kowane fiffike a gaɓa, a cire ɗan tsinin ƙarshe wanda ba shi da nama kuma shi ke fara ƙonewa. Kilo 1 yakan ba da yanka 20 zuwa 24. A tsane su da takardar goge hannu ko tsabtataccen ƙyalle har sai fatar ta daina ƙyalli. Wannan matakin ba a tsallake shi, shi ne rabin aikin. A barbaɗa gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, garin tafarnuwa cokali ɗaya, garin jan tattasai cokali ɗaya, da bekin fauda ƙaramin cokali biyu, a cakuɗa da hannu. Bekin faudar tana taimaka wa fatar ta bushe ta yi ƙananan ƙuraje masu ƙaras. A kula: bekin fauda, ba bekin soda ba. Soda ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma idan aka zuba wannan adadin nata naman zai yi ɗanɗanon sabulu, babu yadda za a gyara. Ba a sa mai ko kaɗan, kitsen fatar ya wadatar. A jera rabi, kowane yanka da ɗan fili a gefensa, digiri 200, minti 10, a juya, a ƙara minti 10. Manyan yanka kan nemi ƙarin minti 3 ko 4. A fito da su kan raga, a saka rabi na biyu.

Abin da ke fitowa yana da kyau ƙwarai. Fatar ta takure ta yi ja kamar an soya, idan an ɗaga yanka ana jin ƙarar kitse yana tsiyaya, ciki kuma da ruwansa. Bai kai wanda aka tsoma a tafasasshen mai nauyi a baki ba, amma ba a tsaya gaban kasko ba, mai bai fallatsu a riga ba, kuma hannun mai girki a sake yake na tsawon minti 40 ɗin nan. A ganinmu wannan sakin hannun ya fi rage man da ake ta talla da shi muhimmanci.

A wannan lokacin ne ake haɗa sauran. Yogot a zuba masa gurzajjiyar tafarnuwa ƙwaya ɗaya, gishiri, ruwan lemon tsami babban cokali ɗaya da yankakken ganyen na'ana'a ko fasili, a saka a firji. Karas da kokwamba a yanka su tsaye kamar yatsa. Ƙwan a raba biyu, a kwashe ƙwanduwar a dama ta da mayonis babban cokali uku da ɗan gishiri da masoro, a mayar cikin farin. Guda 16 ke nan ba tare da an taɓa na'urar ba. Naman kuma a haɗa shi da garin burodi babban cokali huɗu, ƙwai ɗaya, gurzajjiyar albasa rabi da aka matse ruwanta, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da kayan ƙamshi. Kada a yi ta murza shi, yawan murza yana sa dunƙulen ya yi tauri kamar roba. A dunƙula kowane kamar giram 25, girman ƙaramin lemon tsami, za a samu 20 da ɗoriya. Idan kazar ta gama a saka su, digiri 190, minti 9 zuwa 10, a girgiza kwandon sau ɗaya a tsakiya. Idan albasar ba a matse ta ba, dunƙulen zai saki ruwa ya baje a ƙasan kwando.

Tsakanin zubin kaza na farko da na biyu akwai abin da littafin na'urar ba ya cika jaddadawa. Kitsen da ya tsiyaya yana taruwa a ƙasan tukunyar da kwandon ke zaune a ciki, kuma a zubi na biyu ya riga ya yi zafi sosai, sai farin hayaƙi ya fara fita ta baya, gida ya ɗauki ƙauri daidai lokacin da baƙi ke sallama. Maganin mai sauƙi ne: a juye kitsen cikin wani kwano kafin zubi na biyu, ko a zuba ruwa babban cokali biyu a ƙasan tukunyar. Idan hayaƙin baƙi ne ba fari ba, wani abu ne ya taɓa ƙarfen zafin, a kashe a zare filogi nan take.

Saura matsalar da ke damun kowa: zubin farko ya huce kafin na ƙarshe ya fito. A nan na'urar tana da wata baiwa da ba a cika ambata ba, wato ɗumama abin da ya riga ya gasu. Da zarar baƙi sun zauna, a juye dukkan fukafukan tare, wannan karon ba laifi ko sun hau kan juna tunda sun riga sun bushe, digiri 200, minti 3. Suna dawowa kamar yanzu aka yi su, abin da maikurowef ba ta iyawa, don ita laushi take mayar da fata. Idan ana son a shafa musu zuma ko wani miya mai zaƙi, sai bayan wannan ɗumamar, a cikin kwano. Sukari a digiri 200 ƙonewa yake kafin nama ya nuna, ya manne a kwando ya yi ɗaci.

Gidan da ke ajiye daskararrun kaya a firiza ya fi kowa cin moriyarta. Samosa, sifirin rol, yankakken dankalin turawa na leda, duk ana zuba su kai tsaye daga firiza, ba a jira su narke, don idan suka narke fatar tana jiƙewa ta yage. Digiri 190 zuwa 200, minti 8 zuwa 12 gwargwadon girma, a shafa musu ɗan mai idan ba a riga an soya su a masana'anta ba, in ba haka ba fatar za ta fito fari-fari da ɗanɗanon ɗanyar fulawa. Hattara da kazar leda mai rufin garin burodi: wata tana da launin dafaffiya a waje alhali ɗanya ce a ciki. A karanta jikin ledar, a ba ta cikakken lokacinta. Ɗanyun fukafukai da suka daskare kuwa gara a narkar da su a cikin leda rufaffiya a ruwan sanyi, ana canza ruwan duk rabin awa, domin gishiri da kayan ƙamshi ba sa kama jikin ƙanƙara.

Akwai abubuwan da ba ta iyawa, kuma gara a sani tun kafin a ɓata kaya. Duk abin da aka tsoma a ruwan ƙullu ba nata ba ne. A cikin mai, ƙullun yana daskarewa nan take ya zama ɓawo, a cikin iska kuwa tsiyaya yake ta hujojin kwando ya bar abin tsirara. Sai dai a bi ta hanyar fulawa, ƙwai, garin burodi, a danna garin da tafin hannu ya kama, a shafa mai. Cuku ma yana narkewa ya gudu kafin rufinsa ya yi ja, sai an saka shi a firiza kamar rabin awa tukun, wanda a ranar sauri ba kowa ke da wannan lokacin ba. Abubuwa marasa nauyi, kamar ganye ko siririn yankan burodi, fankar tana ɗaga su su manne a ƙarfen zafi. Haka takardar gashi: kada a taɓa shimfiɗa ta a kwando babu abinci a kai, tashi za ta yi ta kama da wuta. Ko da abinci a kanta tana toshe hujojin da iska ke bi, ƙasan abin ya ƙi ja.

Maganar nuna ba wasa ba ce, musamman da yake launi a wannan na'ura yana yaudara: waje yana ja da wuri. Ƙaramin ma'aunin zafi mai tsinke shi ne abokin tafiyarta. Hukumar aikin gona ta Amurka ta sa digiri 74 a matsayin zafin da tsakiyar naman kaza zai kai, niƙaƙƙen naman sa kuma digiri 71. A soka tsinken a wuri mafi kauri, kada ya taɓa ƙashi. Bayan an jera a tebur, dafaffen nama, ƙwai da yogot kada su wuce awa 2 a waje, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa 1. Saboda haka a fito da kaya rabi-rabi, sauran su jira a firji, a ɗumama idan farantin ya yi ƙasa. Hakan ma ya fi kyan gani: ƙaramin faranti cike ya fi babban tire da abinci ya watse a kai.

Ta fuskar jiki da ƙira, yawancinsu roba ce a waje, ƙarfe mai shafen hana kamu a ciki, kuma shafen nan shi ke fara mutuwa. Abu uku ke kashe shi: cokalin ƙarfe, soson waya, da man gwangwani na feshi, wanda ke barin wani danƙo a jikin kwando da ba ya fita sai an kankare. A yi amfani da buroshi ko kwalbar feshi da aka zuba mai da hannu, da matsefin roba ko na katako. Wanki kuwa, a bar kwandon ya huce, a jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulu minti 10, soso mai laushi ya isa. Lokaci-lokaci a kifa na'urar bayan ta huce an zare ta daga wuta, a goge ƙarfen zafin, domin kitsen da ya fantsama can shi ke kawo ƙaurin da ake rasa daga ina yake.

Tana da ƙara, kamar ta fankar da aka ƙure, wadda a ƙaramin gida za ta shiga cikin hira. Tana fitar da iska mai zafi ta baya, don haka a ja ta daga bango aƙalla santimita 10 zuwa 15, kada kuma a ajiye ta ƙarƙashin kabad mai ƙasa-ƙasa. A jona ta a soket ɗin bango kai tsaye. Idan aka haɗa ta da butar lantarki a kan wayar jona kaya guda, jimillar wutar za ta iya wuce wat 3500, abin da ya fi ƙarfin yawancin irin waɗannan wayoyi, kuma ranar baƙi ita ce ranar da ake kunna komai lokaci ɗaya. Ba a kuma barinta tana aiki babu kowa kusa. A watan Fabrairun 2023 kamfanin Cosori ya janye kusan miliyan 2 daga cikin nasa a Amurka saboda wata mahaɗar waya a ciki da ke iya yin zafi fiye da kima. Wanda ya sayi ta hannu ya kyautu ya duba lambar samfurin a shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Tsakanin mai maɓallin murɗawa da mai allon taɓawa, ga wannan aiki mun fi son mai murɗawa, ko aƙalla mai allon da zafi da lokaci suke a fili. Hotunan kaza da kifi da dankali da ake jerawa a allon ba su san girman yankan da aka saka ba. Abin da ya fi su amfani shi ne na'urar ta tsaya da kanta idan an zaro kwando, ta ci gaba daga inda ta tsaya idan an mayar. Sannan kowace da halinta: biyu da aka sa a digiri 200 ba lallai zafinsu ya zo ɗaya ba, don haka a zubin farko a leƙa minti 2 ko 3 kafin lokacin da aka ƙiyasta.

Mai kwando biyu tana rage jira, tunda kaza na gefe ɗaya nama na ɗaya gefen, amma kowane kwando ya fi na mai guda ƙanƙanta, kuma idan duka biyun suna aiki lokacin yakan ɗan ƙaru. Ta dace da gidan da ke yawan baƙi. Idan kuwa baƙin sun kai goma sha biyu ko fiye, lissafin ya juya: fukafukai kilo 2 zubi huɗu ne, minti 80 na kaza kaɗai, alhali babban oben mai tire biyu zai ɗauke su gaba ɗaya a cikin kamar minti 45. A irin wannan taro oben ne zai ɗauki nauyin, ita kuma na'urar a bar mata burodi, daskararrun kaya, da ɗumama faranti na biyu idan na farko ya ƙare.